Idan Jijiyar da Ke Ciyar da Zuciya Ta Fito Daga Inda Bai Kamata Ba

Assalamu alaikum masu kallo. Zuciya ce ke tura jini zuwa kowane sashe na jiki, amma ita kanta jijiyoyi biyu ne ke ciyar da ita, ta dama da ta hagu, waɗanda suke fitowa daga gindin babbar jijiyar da likitoci ke kira awota. Kusan mutum 1 cikin 100 akan haife shi da waɗannan jijiyoyi a wani tsari na daban, kuma mafi yawansu har su tsufa ba za su ji komai ba.

Iri biyu ne ba a wasa da su. Na farko shi ne inda jijiyar hagu ta fito daga jijiyar huhu, wato wadda ke kai jini huhu don ya ɗebo iska, maimakon awota, sai zuciya ta riƙa samun jinin da iskar oksijin ta yi masa ƙaranci. Likitoci uku na Amurka, Bland da White da Garland, sun yi bayaninsa a 1933, kuma yana samun kamar jariri 1 cikin 300,000. Da farko jaririn lafiya lau yake, sai ya kai wata 2 zuwa 3 a ga yana tsala kuka idan ya kama nono, yana jiƙewa da gumi, numfashinsa yana sama-sama. A gidajenmu na Katsina nan da nan kaka za ta ce ciwon ciki ne, a nemo jiƙo, alhali idan ba a yi tiyata ba kusan 9 cikin 10 ba sa cika shekara guda. Likita yakan cire jijiyar ya dasa ta a jikin awota.

Na biyun ya fi ɓoyewa, domin jijiyar takan fito daga ɓangaren awota da ba nata ba, ta ratsa tsakanin awota da jijiyar huhu. Idan matashi yana gudu a filin ƙwallo sai ta matse, jini ya ragu, ya yanke jiki ya faɗi. A Amurka wannan na cikin manyan dalilan mutuwar fuju'a ga matasa 'yan wasa.

Saboda haka, suma ko ciwon ƙirji a tsakiyar motsa jiki ba abin da za a jingina wa iska ko zafin rana ba ne. Gwajin bugun zuciya yakan iya fitowa lafiya ƙalau duk da matsalar tana nan, don haka likitan zuciya yakan nemi hoton eko, wato sikanin na zuciya, sannan hoton siti na jijiyoyin, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki dalla-dalla, kuma yakan dakatar da yaron daga wasa har sai sakamako ya fito.