Amsoshin Tambayoyinku: Sola a Gida, Me Doka Ta Ce?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kaduna. Wasiƙun wannan mako galibinsu kan wutar sola suke, don haka muka gayyato injiniyan lantarki ya taya mu.

Wata baiwar Allah daga Barnawa tana tambayar inda ya kamata farantan sola su fuskanta. Hajiya, a nan Kaduna kudu za su kalla, kuma a ɗan karkata su kamar digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke su.

Wani daga Rigasa ya ce wutarsa ta ragu tun shigowar hunturu, yana zargin wanda ya haɗa masa ya cuce shi. Haba Malam, kafin ka ɗauki alhakin mutum, ka sa a hau a duba ƙurar da ta rufe farantan, a wanke su da sassafe kafin rana ta ɗumama su.

To, ga tambayar da ta fi yawa, ta zo daga Malali da Kawo da Sabon Tasha. Wani dattijo ya ce ɗansa da ke Amurka ya shaida masa cewa a can ba a gina sabon gida sai da sola, shi ne yake son sanin ko dokar ta iso nan, kuma ko sai mutum ya nemi izini kafin ya ɗora faranti a rufinsa.

Baba, ɗanka ya yi gaskiya, amma ba Amurka gaba ɗaya ba ce. Jihar Kalifoniya ce ta wajabta sola a kan sababbin gidaje tun daga watan Janairun 2020. A nan babu dokar da ta tilasta wa mai gida sanya sola, kuma izinin NERC, hukumar da ke tsara harkar lantarki ta ƙasa, ana nemansa ne idan wutar da mutum zai samar ta haura megawat 1, wato kilowat 1,000, alhali gidan zama da wuya ya wuce kilowat 5 ko 10. Bari in maimaita domin waɗanda suka kama mu yanzu: ba a tilasta maka ba, kuma ba ka buƙatar lasisin NERC domin solar gidanka. Sai dai wannan ba ya nufin kowa ya yi yadda ya ga dama, domin NEMSA, hukumar tarayya mai duba aikin lantarki, ita ce ke da alhakin duba ingancin haɗin wayoyi da tantance masu yin aikin, hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON tana sa ido kan ingancin kayan, idan kuma aikin zai kai ga sauya fasalin gini, to ka fara tuntuɓar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna. Injiniya, yaya mutum zai gane mai haɗa wutar da aka tantance?

Injiniya: To, gaskiya tun watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana cikin duhu kwana da kwanaki, kowa ya zama mai haɗa sola. Za ka shiga gida ka tarar an ja wutar batir da siririyar waya irin ta fitila, ka taɓa ta ka ji zafi, ga batura an jibge su a ɗakin kwanan yara ba taga, ga babu wayar da aka binne a ƙasa saboda tsawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a haɗa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, da wutar NEPA ba tare da makunnin da ke raba su ba, domin wutar gidanka za ta iya komawa kan layi ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta.

Mai gabatarwa: Injiniya, ka ba mu abin da ya fi wanda muka nema, amma tambayar tana nan.

Injiniya: Af, ka ce ya nuna maka takardar shaidarsa ta NEMSA, in ya fara kame-kame ka sallame shi.

Mai gabatarwa: Madalla. Wani Alhaji daga Unguwar Rimi zai sayi gida, dillali ya ƙara kuɗi mai yawa da hujjar akwai sola a ciki. Alhaji, a ganina kada farantan su ruɗe ka, domin su kan haura shekara 20 suna aiki. Batir shi ne abin dubawa. Batirin ruwa mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗaukar kusan kilowat 2.4 na awa guda, rabinsa kawai ya kamata a riƙa sha, kuma bayan 'yan shekaru ƙarfinsa yake tafiya, saɓanin na litiyam da ya fi daɗewa. Ka nemi rasit da takardar garanti, ka je da mai haɗa wutarka ya gwada da daddare, sannan a rubuta kowane faranti da batir a takardar ciniki, kada ka tare ka iske an kwance su. Ka kuma leƙa ofishin Kaduna Electric ka tabbatar babu bashi a kan mitar.

Wani mai gini a Millennium City yana tambayar ko akwai ƙa'idar tattalin wuta. Akwai, gwamnatin tarayya ta fitar da ita a 2017, ta yi maganar taƙaita faɗin tagogi da yi musu inuwa, da sanya abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, sai dai aiwatar da ita yana hannun jihohi. Malam, tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ba sai an tilasta maka ba. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, kuma duk abin da ka rage a nan ka rage kuɗin faranti da batir.

Mai tambaya daga Tudun Wada ko inbata mai kilowat 1 za ta ɗauki dutsen guga da firij lokaci guda, amsar ita ce a'a, ka bar guga sai an kawo wuta. Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.