Filtar mai a tsohon babur: wacce za ka saka, kuma yaushe za ka jefar da ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa daga nan Gombe. Wannan ɗan abin da kuke gani a tafin hannuna, mai kama da kwalbar turare, shi ne filtar mai, wadda ake yanka tiyo a saka tsakanin tanki da kafireto. Maganarmu ta yau a kan tsofaffin babura ce, irin su Honda CD175 da Roadmaster da CG125 na farko-farko, da Yamaha YB100 da Suzuki A100, waɗanda har gobe za ka ga dattijo ya goge nasa ya tafi masallacin Juma'a a kai. Mai Bajaj ko Jincheng ma kada ya tashi, kusan duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Kwanakin baya baffana ya turo CD175 ɗinsa har ƙofar shago, yana haki. Ya ce, "Ɗana, cikin gari lafiyarsa lau. Amma da na ɗauki hanyar Kumo na ɗan ja shi, sai ya fara shaƙewa, can ya mutu. In na zauna gindin bishiya minti 3 na buga kik, sai ya tashi kamar ba shi ba." An canja masa fulogi sau biyu, an wanke kafireto, har an fara zargin wuta. Na ce, "Baffa, me kuka sa aka canja kafin ya fara haka?" Ya ce babu komai, sai filta da ya sa aka saka, babba ta ƙarfe, ta mota, don an ce masa ta fi tacewa.

To, a nan gizo ke saƙar.

Ku dubi yadda mai ke tafiya a waɗannan babura. Babu famfon da ke tura shi. Nauyinsa kawai ke sauko da shi daga tanki, ya bi ta makunnin mai, ya bi tiyo, ya faɗa cikin ɗan ƙoƙon da ke ƙasan kafireto. Tazarar saman mai a tanki zuwa kafireto ba ta wuce kamar santimita 30 ba, kuma ƙarfin turin da wannan ke bayarwa kusan 0.02 ne a ma'aunin bar. Motar da ke aiki da injekta kuwa, famfonta na tura mai da ƙarfin da ya kai wajen bar 3. Ninki sama da ɗari ke nan. Filtar irin wannan mota an yi ta ne da takarda mai matsattsun ramuka, wajen maikiron 10 (maikiron ma'aunin ƙanƙantar rami ne), saboda an san akwai famfo a bayanta mai danna man ya ratsa ko yana so ko ba ya so. In ka ɗora ta a babur, man yana wucewa, amma ɗis-ɗis, ga kuma iskar da ta cika gwangwanin babu mai korar ta. Cikin gari inji ba ya shan da yawa, ɗis-ɗis ɗin ya ishe shi. Da an hau babban titi an murɗa totur, sai ƙoƙon kafireto ya ƙafe, babur ya mutu. Minti 3 ɗin da Baffa ke yi a gindin bishiya, ƙoƙon ne ke sake cika. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an je neman tsabta an jawo ƙishi.

Bari mu ga iyakar tacewar da kafireto ke buƙata. Maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya, kuma kaurin gashin kai wajen maikiron 70 ne. Jet shi ne ɗan sukuru mai rami da mai ke bi a cikin kafireto, kuma babban jet na babur mai inji 125 raminsa kusan milimita ɗaya ne. Ƙaramin jet, wanda ke riƙe silo, wajen milimita 0.35 zuwa 0.4, wato maikiron 350 zuwa 400. Sai kuma allurar fulot, wadda ke toshe mai idan ƙoƙo ya cika. Ita ce mai saurin fushi: ƙwayar tsatsa ɗaya ta zauna a bakinta, ba za ta rufe ba, ka wayi gari mai ya malale a ƙasan babur, abin da muke cewa obafulo. Filtar da ke tare abin da ya kai maikiron 40 zuwa 70 ta gama wa waɗannan duka aiki, kuma ta bar mai ya wuce da sauri.

Ga iri uku a kan teburi. Ta farko mai takarda ce a cikin roba mai haske. Ita ta fi yawa a kasuwa, tana tacewa sosai, kuma tana nuna maka abin da ta kama. Aibinta guda: ruwa. Takarda in ta sha ruwa kumbura take yi, ramukan su tsuke, a ido ka ga filta tas amma mai ba ya wucewa. Ta biyu mai ɗan dunƙulen tagulla ce a ciki, wanda aka matse garinsa da zafi ya zama kamar soso. Ba ruwanta da ruwa, ana wanke ta a mayar, kuma ni ita nake zaɓa wa babur mai tafiyar ƙauye. Ta uku mai raga ce kamar rariya, ta naila ko ta ƙarfe. Ta fi kowa sakin mai, sai dai garin tsatsa mai laushi yakan sulale ta ciki. Akwai wata ta gilashi mai ƙyalli da ake kwancewa da hannu, tana da kyau a hoto, amma girgizar babur kan sassauta ta, kuma fetur mai ɗiga kusa da inji mai zafi ba abin wasa ba ne. Ban saka wa kowa ita.

Kafin ka je saye, yanki guntun tsohon tiyonka ka tafi da shi. Bakin filta yana zuwa ne milimita 5, ko 6, ko 8, kuma ƙananan baburan nan yawanci 5 ko 6 suke ɗauka. Mai kaya zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙarami zai yi yoyo, babba zai tsaga tiyo.

Yanzu sakawa. Inji ya huce, a rufe makunnin mai, mai shan taba ya matsa can. Dubi jikin filtar, akwai kibiya, kanta ya kalli kafireto. A irin mai takarda, mai yana shiga ta wajen takardar ne ya fita ta tsakiya, shi ya sa kake ganin dattin. In ka juya ta, dattin zai taru a ciki inda ba ka gani. Tiyo ya gangara tun daga makunni har kafireto, babu inda ya hau sama ya sauko, babu lanƙwasa, don a nan iska ke maƙalewa. A nisanta ta da kan inji da salansa, ko da faɗin yatsu uku ne. Mu da muka san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, mun san fetur ba ya buƙatar wani dogon zuga kafin ya zama tururi a cikin tiyo, kuma tururi ba ya cika ƙoƙo. A ɗaure kowane gefe da kilif.

Wani abu da ake mantawa: guntun tiyon da ke tsakanin filta da kafireto dole ya zama sabo, kuma na fetur. Tsohon tiyo yana marmashewa ta ciki, kuma duk abin da ya marmashe bayan filta kai tsaye jet zai nufa. Farin tiyon nan da magina ke auna daidaito da shi, na sha ganinsa a babura. Fetur yana busar da shi ya yi tauri kamar kara, wata rana ya tsage a hanya.

Da ka kunna mai za ka ga filtar ba ta cika ba, iska ta zauna a sama, wani lokaci ma rabi. Mutane da yawa sun dawo min a kan wannan. Ba matsala ba ce, muddin mai yana fita. Yadda za ka tabbatar shi ne ka cire tiyo daga kafireto, ka sa shi cikin robar ruwa ta santilita 50, wato mililita 500, busasshiya, ka buɗe makunni minti ɗaya cif. Babur 125 in an murɗe shi ƙarshe yana shan wajen lita 4 a awa, 175 ko 200 kuma kusan lita 6, wato mililita 70 zuwa 100 a minti. Ni ninkinsa nake nema, robar ta doshi rabi. Ka yi gwajin lokacin da mai ya yi ƙasa a tanki, a kan rizab, wato ragowar man gindin tanki, don a lokacin ne turin ya fi rauni. In bai kai ba, cire filtar ka sake gwadawa. In har yanzu shiru, laifin na sama ne: ragar da ke kan makunni a cikin tanki, ko ɗan ramin iska na murfin tanki. Wannan ramin in ya toshe, alamarsa sak irin ta Baffa ce. Babur na mutuwa ka buɗe murfi, in ka ji ya ja iska fuu, ka kama ɓarawon.

Daga nan kuma aikinka kallo ne. Duk lokacin da ka sunkuya duba baƙin mai, ka leƙa filtar, don tana ba da labarin tanki. Jan gari tsatsa ce. Baƙin marmashi tiyo ne. Datti mai launin ƙasa, ƙurar hunturu ce ko dattin jarka da mazurarin 'yan bumburutu. Ɗigo mai haske da ke birgima a ƙasa kamar ƙwallo, ruwa ne, saboda ya fi fetur nauyi. Filta ba ta tare ruwa. Sai ka kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireto ka zubar, kuma in makunninka irin na tsohuwar Honda ne mai ɗan kofi a ƙasa, ka kwance shi ka wanke.

Tsatsar nan ta ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma na san dalili. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ba kowa ke cika tanki ba, lita ɗaya ko biyu ake zubawa. Bangon tanki yana zaune a bushe, raɓa tana taruwa a kai da daddare, musamman da damina, tsatsa ta kama. Sannan kullum ana kan rizab, shi kuma daga gindin tanki yake ja, inda ruwa da laka suke kwance. Waɗanda suka tuna man watan Fabrairun 2022, wanda hukuma da kanta ta ce an samu sinadarin metanol fiye da ƙima a cikinsa, sun san kuma wani lokaci daga gidan mai ake sayo ciwon. Irin wannan mai yana cin roba kuma yana jan ruwa, babu filtar da za ta raba shi da fetur.

Mai takarda ba a wanke ta, kuma don Allah a daina busa ta da baki. In ta yi duhu ko gwajin roba ya ragu, a jefar. Ni ko ba ta nuna komai ba ina canja ta sau ɗaya a shekara, bayan damina. Ta tagulla da ta raga, a tura fetur mai tsabta ta bayan kibiya har datti ya fita ta inda ya shigo. Babur da zai yi wata biyu ko uku a ajiye, a rufe makunni a zubar da na cikin ƙoƙo, don tsohon fetur yana barin danƙo a jet.

Baffa dai na cire masa gwangwanin mota na saka 'yar ƙarama mai haske, da gangan, don ina so in ga abin da tankinsa ke ɓoyewa. Ya je Kumo ya dawo ba tsayawa. Bayan mako guda ya leƙo, ga ta nan a hannuna, kun ga yadda jan gari ya kwanta a gindinta. Na ce, "Baffa, ku bar min shi kwana biyu, tankin nan sai an sauke." Ya ce ai tun da ya sayi babur ɗin ba a taɓa sauke shi ba. Ga tankin can a kife a kan benci, kuma wanke shi ne aikinmu a bidiyo mai zuwa, in Allah ya kai mu.