Jawabi a taron iyaye kan darasin balaga a makarantun Ingila

Assalamu alaikum. Shugaba, malamanmu, iyayena maza da mata, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Maganar da aka ɗora mini mai nauyi ce a baki, sai ku yi mini afuwa. Tun Satumban 2020 doka ta wajabta wa makarantun Ingila koyar da zamantakewa a firamare, a sakandare kuma a haɗa da ilimin jima'i. Yawancinmu a WhatsApp muka tsinci labarin, shi ya sa ake ta cewa "ai cire ɗanka kawai za ka yi". Abin bai kai nan sauƙi ba. Za ka iya rubuta wa shugaban makaranta a cire yaro daga ɓangaren jima'i. Amma darasin zamantakewa, da na lafiya inda ake bayanin balaga da haila, da kimiyya inda ake karanta yadda ake samun haihuwa, duk ba ka da ikon hana shi. Kuma da zarar saura zango uku yaro ya cika shekara 16, shi ke da ta cewa kan ɓangaren jima'in.

Kun tuna Birmingham a 2019, da iyaye Musulmi suka yi ta zanga-zanga kan darussan da ke maganar dangantakar jinsi ɗaya a ƙofar makarantun Parkfield da Anderton Park. Ƙarshenta kotu ta hana taruwa a bakin Anderton Park, dokar koyar da zamantakewar kuma ta fara aiki.

Ƙofar da aka bar mana a buɗe ita muke ƙin shiga. Wajibi ne makaranta ta tuntuɓi iyaye kan tsarinta, ta kuma nuna abin da take koyarwa. Na je irin wannan zama a makarantar 'yata, ban ga Bahaushe ko ɗaya ba. Na duba takardun. Akwai abin da ban yarda da shi ba, na faɗa musu. Akwai kuma yadda yarinya za ta gane mai yaudararta a waya, wanda ni uwarta ban taɓa zaunar da ita a kai ba.

Wai kunya. Mu da muka karanta babin janaba da haila a Ahalari gaban malam tun ba mu balaga ba? Malamai, don Allah ku dawo da wannan karatu Islamiyyarmu ta Asabar, mata su ɗauki 'yan mata.

Mai son a taya shi rubuta wasiƙar neman ganin takardun, ya same ni bayan an ci abinci.