Sigari, Miyar Ganye da Tsakiyar Ido

An rubuto wannan daga faifan laccar da wata likitar ido ta yi wa dattawan unguwa a Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, Allah ya saka da alheri da kuka fito cikin wannan sanyi.

Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina ya ce, "Likita, hanya ina ganinta, ba na tuntuɓe. Amma in na buɗe Alƙur'ani sai layukan su lanƙwashe, kalmar da na zuba wa ido ita ke ɓacewa. Jikana ma da murya nake gane shi." An sauya masa gilashi sau biyu. Matsalar ba ta gilashi ba ce, ba kuma yanar ido ba ce.

Can bayan ido akwai shimfiɗar da ke ɗaukar hoto, a tsakiyarta kuma akwai ɗan gurbi mai faɗin kamar milimita biyar da rabi, ana ce masa makula. Da shi ake karatu, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuska. Bayan shekara 50, wani datti rawaya kan fara taruwa ƙarƙashinsa, ƙwayoyin gani su riƙa mutuwa sannu a hankali. Wannan ita ce cutar makula. Nau'i biyu ce: wannan shi ne busasshe, shi ya fi yawa. Ɗayan nau'in ya fi gaggawa: jijiyoyin jini marasa ƙwari su tsiro su yi yoyo, gani ya lalace cikin makonni.

Gaskiya, ba wannan ce ta fi makantar da mu ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Cutar makula ta fi kama Turawa. Amma muna ganinta, kuma wanda ta kama, tiyatar yana ba ta dawo masa da abin da ya rasa.

Shekaru da gado ba a hannunmu suke ba. Sigari yana hannunmu. Mai shansa haɗarinsa ya ninka aƙalla sau biyu. Baba, ko ka shekara arba'in kana sha, dainawa yau tana da amfani. Samarin da ke zaman shisha ma ku ja musu kunne. Hawan jini da ƙiba su ma suna ƙara haɗarin.

Yanzu ga tukunya, iyayena mata. Makula launinta rawaya ne saboda wasu sinadarai biyu, lutin da ziyazantin, masu tace haske mai cutarwa. Jiki ba ya haɗa su, sai an ci. Suna cikin zogale, alayyafo, gwaiduwar ƙwai da masara rawaya. Kuma sai da ɗan maiƙo suke shiga jiki, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli da ɗigon man gyada ya fi min abubuwa da yawa masu tsada. Abin takaici, yaranmu sun koma taliyar leda da lemon kwalba, ganyen da kakanninmu ba sa rabuwa da shi ya zama abincin ƙauye. A haɗa da kifi, titus ko sardin, sau biyu a mako in da hali.

Ƙwayoyin bitamin fa? Cibiyar ido ta Amurka ta gwada wani haɗi na bitamin C da E da zink da beta-karotin (sinadarin da ke ba karas launinsa), sakamakon ya fito a 2001: ya rage tsanantar cutar da kusan kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda ta riga ta yi nisa a idonsu kaɗai. Bai hana mai lafiya kamuwa ba. Bincike na biyu a 2013 ya sa aka cire beta-karotin daga haɗin, domin yana ƙara haɗarin kansar huhu ga waɗanda suka sha sigari. Don Allah kada a sayi abin da ake talla a tasha.

Ga gwajin gida. Kowane mako, rufe ido ɗaya, kalli ƙarafan taga, sannan ka sauya ido. Ido ɗaya-ɗaya, domin mai lafiyar yakan rufa wa ɗan'uwansa asiri. In layi ya karkace ko tsakiya ta yi duhu, kada a ɗiga zuma, kada a jira girbi. A tafi asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna cikin makon nan, domin nau'in mai yoyo akwai allurar da ake yi masa a ido, kuma da wuri take aiki.

Malam, na ga hannunka a sama. Bismillah.