Tsakanin Wuyan Dattijo da Ƙafafunsa

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

Idan dattijo ya fara jan ƙafa, ko sai ya dafa gwiwa sau biyu kafin ya miƙe daga sujada, mukan ce ai tsufa ne, ko sanyin ƙashi. Ba kasafai hankali ke zuwa kan wuya ba. Alhali a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa ne ke tsara saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya har ƙarfin cinya.

Kowa zai zaci in ta yi sanyi, tafiya ma za ta yi sanyi. Idan lalacin nata ya yi tsanani, haka ne: jin sanyi, nauyin jiki, ciwon gaɓoɓi. Sai dai a 2009 Eleanor Simonsick da abokan aikinta a Amurka sun fitar da bincike kan tsofaffi 2,290, masu shekara 70 zuwa 79. Waɗanda gwajin jininsu na TSH (sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, wanda kan hau idan ta ja baya) ya ɗan haura, tsakanin 4.5 da 7, wato tayirod ɗinsu ta ɗan ja baya, sai ga shi sun ɗan fi sauran saurin tafiya. Kun ji fa. A 2017 kuma aka yi gwajin maganin levothyroxine, mai cike gurbin sinadarin tayirod, a Turai da mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama, masu irin wannan ƙaramin ja da baya. Gajiyar waɗanda suka sha ba ta ragu ba fiye da ta waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta.

Ni dai abin da ya fi tsorata ni shi ne tayirod mai zafin aiki, ko maganin da ya wuce kima. Shi ke cinye naman cinya da na kafaɗa har hawa bene ya gagara, zuciya ta riƙa bugawa ba tsari, ƙashi ya yi rauni. Tsohuwa ta zame a banɗaki, shi ke nan ƙugu ya karye. Kuma a jikin tsoho ciwon yakan zo a ɓoye, sai rama da kasala kawai.

Saboda haka, idan takardar gwajin Baba ta nuna TSH ya ɗan hau, kada a ruga kemis. A koma wurin likita, a sake gwajin bayan wata biyu ko uku, domin sau da yawa yakan daidaita da kansa.