Gadar Picquigny: ranar da Sarki Edward na Huɗu ya karɓi kuɗi ya fasa yaƙi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abu huɗu na yi niyyar taɓawa game da hulɗar Sarki Edward na Huɗu, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1461, da maƙwabtansa: aure, ciniki, yaƙin Faransa, sai Sikotlan.

Aure tukuna. Na hannun damansa, Warwick, yana ta kai gwauro yana kai mari don ya nemo masa mata daga dangin sarkin Faransa, ashe Edward ya riga ya auri wata bazawara a ɓoye a 1464, Elizabeth Woodville. Ku auna kunyar da Warwick ya sha. A 1468 kuma Edward ya aurar da ƙanwarsa Margaret ga Charles mai mulkin Burgundy, ƙasa maƙwabciyar Faransa, babban abokin gabar Faransa kuma. Dalili? Gashin tumakin Ingila a kasuwannin Flanders, wajen Beljiyam ta yau, ake sayar da shi, Flanders kuwa a hannun Charles take. To kun ji ciniki ke nan, mun haɗa biyu a ɗaya. Warwick ya yi fushi, ya haɗa kai da Sarki Louis na Sha Ɗaya na Faransa, suka kore Edward a 1470. Ƙasar surukinsa Charles ya gudu, da taimakonsa ya dawo a 1471.

Yanzu ga inda nake so mu zauna, 1475. Edward ya tatsi haraji, ya tara rundunar da ta haura mutum 10,000, ya tsallaka teku don yaƙar Faransa, ya sauka garin Calais a watan Yuli. Alkawari shi ne Charles zai taho da tasa rundunar. Charles ya zo, amma ba runduna, don ya gajiyar da ita wajen kewaye garin Neuss a Jamus. Ga sanyi na matsowa, ga guzuri na ƙarewa, ga abokin tafiya ya zo hannu rabbana. Ku sa kanku a matsayinsa.

Louis kuwa mutum ne da ya fi son ya biya da ya yi faɗa. Ya aika da amalanken giya zuwa sansanin Ingilawa, ya buɗe musu wuraren ci da sha na Amiens, shi ke biya. Sannan aka shirya ganawa a kan gada, a kogin Somme, a garin Picquigny, ranar 29 ga Agusta. Ku saurari yadda aka yi gadar nan, don ita ce ta fi burge ni. A tsakiyarta aka kafa shingen katako mai ƙarfi, irin na kejin zaki, ramukansa iya hannun mutum kawai ke shiga. Babu ƙofa. Babu ƙofa, jama'a! Saboda me? Saboda a 1419, a kan gadar Montereau, an bar ƙofa, aka kashe kakan Charles a gaban mahaifin Louis ana cikin ganawar sulhu. Louis bai manta ba. Philippe de Commynes, mashawarcinsa da ke tsaye a wurin, ya rubuta cewa ta cikin ramukan nan sarakunan biyu suka rungumi juna. Sarki da sarki, runguma ta cikin shinge.

Aka daidaita: Louis zai ba Edward tsabar zinariya 75,000 nan take, 50,000 duk shekara, a ajiye makamai shekara bakwai, a sauƙaƙa wa 'yan kasuwa, ɗan Louis kuma ya auri Elizabeth, 'yar Edward. Fadawa ma ba a bar su haka ba. Hastings, babban bafaden Edward, an yanka masa 2,000 a shekara, ya ce wa wanda ya kawo ya zuba masa a hannun riga, amma rasit kam ba zai sa wa hannu ba. Na ga kuna dariya. Wannan ɓangaren ba na kare shi, cin hanci ne.

Amma sulhun kansa ina kare shi. Richard, ƙanen Edward, bai ji daɗi ba, sojoji sun yi gunaguni an dawo ba ganima. Ni dai abin da nake gani, dubban mutane sun koma gida da ransu, sarki ya samu kuɗin da ya rage masa roƙon majalisa haraji shekara da shekaru. Dubban mutane sun koma da ransu, ina maimaitawa.

Na uku, ko na huɗu ne, Sikotlan. A taƙaice, a 1482 Richard ya ƙwace Berwick da ke kan iyaka daga hannun Sikotlan, har yau tana hannun Ingila. E, Malama, ga hannunki a sama, bismillah.

Tana tambaya ko an ɗaura auren nan na ɗan Louis. Allah ya yi miki albarka, nan ne ciwon yake. Ba a ɗaura ba. Charles ya mutu a fagen daga a Nancy a Janairun 1477, Louis ya faɗa wa ƙasarsa, Margaret ta nemi agajin wanta. Edward ya dubi 50,000 ɗin nan, ya dubi auren 'yarsa, ya naɗe hannu. Nan nake ganin laifinsa, don tsoron Burgundy ne ke sa Louis biya tun farko. Da Burgundy ta raunana, sai ita da Louis suka ƙulla yarjejeniyar Arras a Disambar 1482: ɗan Louis zai auri jikar Charles, kuɗin Edward kuma aka datse. Edward ya kira majalisa yana maganar komawa yaƙi, amma ajali ya riske shi ranar 9 ga Afrilun 1483, yana da shekara 40. Ita Elizabeth, Malama, Sarki Henry na Bakwai na Ingila ne ya aure ta a 1486.