Jawabin maraba ga mai girma Kwamishina a filin ƙwallon unguwarmu, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Kwamishina, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, kociyoyi da 'yan wasa, sannunku da zuwa. Yallaɓai barka da isowa Zazzau, an sha hanya, Allah ya saka da alheri da ka amsa gayyatar yaranka 'yan ƙwallo, ka zo har filin da muke tirenin ka ga ƙurarsa da idonka.

Ni ne kyaftin, ni abokaina suka wakilta, kuma maganar tamu ɗaya ce, zafi. Mu da muke gudu a fili mu muke fara jinsa a jiki, watan Maris da Afrilu wallahi ƙarfe tara na safe ma sai ka ga yaro ya durƙushe yana haki, ga fili fetal babu inuwa ko ta ɗan kallo ɗaya, damina kuma ta zo ledar fiya wata ta toshe kwata ruwa ya kwanta mana a gaban raga har sati. Garin da ake da unguwanni masu suna Rimin Tsiwa da Rimin Doko, a ce yau 'ya'yansa na neman inuwa? Abin yana mana ciwo.

Kuma manya ma suna ji a jikinsu. Saboda zafi aka mayar da kofin duniya na Katar watan Nuwamba da Disamba a 2022, gudun fanfalaki na wasannin Olamfik na Tokyo ma garin Sapporo da ke arewacin Japan aka kai shi. Hector Bellerin, 'yan Arsenal na nan sun san shi, a 2020 yana buga wa Arsenal ya yi alkawarin dasa itatuwa 3,000 duk wasan da ƙungiyar ta ci. Eliud Kipchoge, ɗan gudun fanfalaki na Kenya, ya ɗauki nauyin kula da wani yanki na dajin Kaptagat inda yake atisaye. Mu ba mu da kuɗinsu, amma ƙarfi da yawa akwai, alhamdulillah.

Shi ya sa muka tsara kowane ɗan wasa ya riƙe itace ɗaya, darbejiya ko mangwaro ko maɗaci, shi zai ba shi ruwa kafin ya taɓa ƙwallo, wanda nasa ya bushe saboda sakaci benci zai zauna, koci ya yarda. Ranar Asabar kuma yashe kwata muke yi.

Roƙonmu yallaɓai, dashe ba ya wuya, rayarwa ce aiki. Bara mun dasa, awaki da rani suka cinye mana rabi. Dan Allah a taimaka mana da rijiyar burtsatse da wayar kewaye, sauran aikin ka bar mana.

Ga dashen rimi can mun tanada a bayan raga, ramin ma an haƙa, muna so ka sa shi da hannunka. Bismillah ranka ya daɗe.